Ƙungiyoyi 14, fili ɗaya, mako huɗu: wane tsari ya fi dacewa da gasar unguwa?

Mai horar da yara, Mabera

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a harkar shirya gasa, domin kwamitinmu ya zauna sau biyu a kan wannan magana ba tare da an tashi da matsaya ba.

Muna shirya gasar ƙwallon ƙafa ta matasan unguwanni a dogon hutun makarantu, kuma zuwa yanzu ƙungiyoyi 14 ne suka yi rajista, daga Mabera da Minanata da Tudun Wada da wasu unguwannin da ke maƙwabtaka da mu a nan Sakkwato. Fili ɗaya muke da shi, na wata makarantar firamare, wanda shugaban makarantar ya ba mu aro na mako huɗu kacal. Daga Litinin zuwa Alhamis wasa ɗaya ake iya bugawa, bayan la'asar zuwa magariba. Juma'a ba ma wasa. Asabar da Lahadi ana iya buga biyu-biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Idan aka haɗa, gurbin wasa 8 ke nan a mako, 32 a gasar baki ɗaya, kuma a tsakiyar damina muke, kowa ya san yadda ruwan Agusta yake mayar da filin makaranta tabki.

Bara sili-ɗaya-ƙwale muka yi, kuma har yau abin da na gani bai bar zuciyata ba. Akwai wata ƙungiya ta yara masu koyon walda da gyaran babur, waɗanda suka shafe wata biyu suna tara kuɗi kafin su biya rajista su ɗinka riguna. Ƙuri'a ta haɗa su a ranar farko da ƙungiyar da ta zo ta ci kofin, aka tashi ɗaya da ɗaya, aka fitar da su a bugun fenariti. Ina tsaye kyaftin ɗinsu yana karɓar rigunan ɗaya bayan ɗaya yana ninkewa yana sakawa a buhu, sai ya ɗago kai ya ce da ni, "Malam, shi ke nan namu ya ƙare?" Ban sami abin da zan ce masa ba. A wasan ƙarshe kuwa, waɗanda suka fitar da su sun ci abokan karawarsu biyar da nema, wanda ya nuna mini cewa wasan ƙarshe na gaskiya tun ranar farko aka buga shi.

Bana wasu a kwamiti sun ce a yi lig, kowa ya kara da kowa. Wasu sun ce a raba rukuni-rukuni kamar Kofin Afirka. Dattijon da ke riƙe mana kuɗi kuma ya ce a bar abin yadda yake, tunda shi ne mai sauƙin kashewa. Wanne ne zai ba kowace ƙungiya haƙƙinta, ya kuma shiga cikin kwanakin da muke da su?

Tsohon alƙalin wasa, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi abin da yawancin masu shirya gasa ba sa yi, wato ka ƙidaya guraben wasanka tun kafin ka zaɓi tsari, kuma da wannan ƙidayar rabin amsarka ta fito.

Batun lig a ajiye shi gefe. Idan ƙungiyoyi 14 za su kara da juna sau ɗai-ɗai, wasa 91 ake buƙata, kusan ninki uku na abin da kake da shi. Ko an raba su gida biyu, bakwai-bakwai, wasa 42 ne kafin a je kusa da na ƙarshe. Babu musu lig ya fi kowane tsari fitar da gwani na haƙiƙa, domin sa'ar yini ɗaya ba ta ɗaga ƙungiya ko ta kayar da ita, amma abu ne na masu watanni a hannu. Ko hukumar firimiyar Najeriya, da lokaci ya ƙure mata a 2023, raba ƙungiyoyi 20 ta yi zuwa rukuni biyu na goma-goma, sannan shida da suka yi fice suka haɗu a Legas, Enyimba ta ɗauki kofin.

Sili-ɗaya-ƙwale kuwa lissafinsa a bayyane yake: kowane wasa yana sallamar ƙungiya ɗaya, saboda haka wasa 13 ne zai bar muku zakara. Dattijonku ya yi gaskiya cewa ya fi arha. Abin da bai faɗa ba shi ne, a ƙungiyoyi 14 dole biyu su tsallake zagayen farko ba tare da sun taɓa ƙwallo ba, shida kuma su koma gida bayan wasa ɗaya, alhali duk kuɗin rajista ɗaya suka biya. Ka tuna cewa Saudiyya ta ci Ajantina 2-1 a wasanta na farko a Ƙatar a 2022, kuma Ajantinar ce ta ɗauki kofin. Haka Kwaddibuwa a Kofin Afirka da aka buga a farkon 2024: Najeriya ta ci ta ɗaya da nema, Ikwatoriyal Gini ta zuba mata huɗu, ta fito daga rukuni da ƙyar da maki uku, amma a ranar 11 ga Fabrairu ita ta doke mu 2-1 a Abijan. Da tsarinku na bara aka bi, da babu ɗayansu da za ta kai ko'ina.

Abin da nake ba ka shawara shi ne rukuni huɗu, biyu na saman kowane rukuni su wuce zagayen 'yan takwas. Da ƙungiyoyi 14 za ka sami rukuni biyu masu huɗu-huɗu da biyu masu uku-uku, wasa 18 ke nan, a ƙara bakwai na zagayen fitarwa ya zama 25. Ya shiga cikin kwanakinka har da rara. To amma ni ba na son rukuni mai ƙungiya uku, kuma zan faɗi dalili, domin a nan ne rigimar gasar unguwa take ɓuya.

A rukuni mai uku, ranar wasan ƙarshe ƙungiya ɗaya ta riga ta gama nata tana zaune a bakin fili, sauran biyun kuma sun san daidai sakamakon da zai fitar da su tare. A Kofin Duniya na 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma 2-1, ta kuma gama wasanninta kwana ɗaya kafin Jamus ɗin ta kara da Ostiriya a garin Gijon. Ɓangarorin biyu sun shiga fili suna sane da cewa idan Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun za su wuce, Aljeriya ta fita. Jamus ta jefa ƙwallo ɗaya kusan minti goma da farawa, daga nan aka koma tura ƙwallo gefe da baya har aka tashi. Wancan rukunin ma mai huɗu ne, laifin na jadawali ne, kuma tun daga lokacin ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a sa'a ɗaya. Rukuni mai uku kuwa ba shi da wannan magani, tunda wasa ɗaya ne ya rage. Ita kanta FIFA da farko ta tsara Kofin Duniya na 2026 a kan rukuni 16 masu uku-uku, daga baya a 2023 ta janye ta koma rukuni 12 masu huɗu-huɗu, ta yarda wasanni su kai 104. Idan manya da ake kallo a talabijin sun aikata haka, ina ga yaran da suka tashi a layi ɗaya, wannan ɗan ƙanwar wancan ne? Na taɓa busa irin wannan wasa a wata gasar hutu, ina tsakiyar fili ina kallon masu tsaron baya suna miƙa wa juna ƙwallo, yaran ƙungiya ta uku suna bayan raga suna kuka, kuma babu wata doka a littafi da ta ba ni ikon hukunta kowa.

Saboda haka ka nemo ƙungiyoyi biyu su cika 16. Wasa 24 a rukuni, bakwai a zagayen fitarwa, jimla 31, kuma kowace ƙungiya tana da tabbacin wasa uku. Na san za ka ce gurbi ɗaya kawai ya rage maka na ruwan sama. Ka nemi aron fili na biyu na yammaci huɗu kawai, domin a buga wasannin ƙarshe na kowane rukuni a lokaci ɗaya. Da haka wasa takwas za su ci gurbi huɗu, ka toshe ƙofar haɗa baki, kuma guraben da suka rage maka su koma biyar.

Malamin lissafi, Arkilla

Baba alƙali, Allah ya ƙara girma. Lissafinka daidai ne, sai dai ina so a duba wata hanya da ba ta buƙatar a nemo ƙarin ƙungiya, domin ƙungiyar da aka tattaro a gurguje don cike gurbi sau da yawa ita ce ke daina zuwa bayan an ci ta sau biyu, ta bar rukuninta da maki na kyauta.

Akwai tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a gasar darar Turawa, wato ces, a birnin Zurik a 1895. Babu rukuni, babu kora. A zagayen farko ƙuri'a ce ke haɗa kowa da abokin karawarsa. Daga zagaye na biyu sai a duba teburi, a haɗa masu maki ɗaya da juna: wanda ya ci ya gamu da wanda ya ci, wanda aka ci ya gamu da wanda aka ci, da sharaɗin kada ƙungiyoyi biyu su haɗu sau biyu. Da ƙungiyoyi 14 kowane zagaye wasa bakwai ne, kuma zagaye huɗu sun isa su tace na sama, domin masu cin kowane wasa suna raguwa da rabi a kowane zagaye. Wasa 28 ke nan. Huɗun farko a teburi su buga kusa da na ƙarshe da na ƙarshe, jimla 31, daidai da adadin da Baba ya kawo, amma kowace ƙungiya ta buga wasa huɗu maimakon uku.

Na yi amfani da shi a gasar kacici-kacici tsakanin azuzuwan makarantarmu, kuma abin da ya fi burge ni ba zakaran da ya fito ba ne. Ajin da ya fi kowa rauni, wanda a da ake lallasa shi a ranar farko ya watse, a zagaye na uku ya haɗu da tsaransa ya yi nasara, kuma ranar na ga yaran sun fito suna tafa wa juna kamar su suka ci gasar. Yaran waldan da malam ya ba mu labari, a wannan tsarin da kunnen dokin da suka yi ya ba su maki ɗaya, da kuma sun ci gaba da hawa har wataƙila su sake gamuwa da waɗancan a wasan ƙarshe.

Wajibi ne in faɗi aibinsa. Ba a sanin wanda za a kara da shi sai zagaye ya kammala gaba ɗaya, don haka idan ruwa ya hana wasa ɗaya, duk gasar ta tsaya tana jiransa. Sannan yana buƙatar mutum ɗaya amintacce mai riƙe da teburi, wanda zai iya yi wa kowa bayanin dalilin da ya sa aka haɗa wane da wane. Abin da Gasar Zakarun Turai ta koma yi tun kakar 2024 ya ɗan yi kama da wannan, ƙungiyoyi 36 a teburi ɗaya kowace ta buga wasa takwas, sai dai su tun farko ake fitar da dukan abokan karawa ta ƙuri'a, ba a bin sakamako. Ku ma kuna iya yin haka idan kuna son jadawali tsayayye, amma za ku rasa wancan amfani na haɗa kowa da tsaransa.

Wani abu kuma, ko wane tsari kuka ɗauka: ku rubuta yadda za a raba gardama idan maki ya zo ɗaya, kowane kyaftin ya sa hannu kafin a take ƙwallon farko. Ni na fi son a fara duba sakamakon karawar da ƙungiyoyin biyu suka yi da juna, kamar yadda ake yi a Kofin Afirka, kafin a je ga rarar ƙwallaye. Ba mu manta da abin da ya faru a Bauci a 2013 ba, lokacin da neman rarar ƙwallaye don haurawa gaba ya sa aka tashi wasa ɗaya 79 da nema, ɗayan kuma 67 da nema, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. Bayan rarar ƙwallaye ku sanya yawan katin gargaɗi. Da shi aka fitar da Senegal aka bar Japan a 2018, katuna shida da huɗu, kuma a gasar matasa yana sa yara su rage keta.

Ɗan kasuwar Illela

Malamai, ni ba ɗan ƙwallo ba ne, ɗan kallon kokawa ne, amma ina ganin an yi wa sili-ɗaya-ƙwale rashin adalci a wannan tattaunawa, kuma ina so in kare shi kaɗan.

Abin da ke tara jama'a a bakin fili shi ne sanin cewa yau wani zai faɗi ba zai tashi ba. Wasan rukuni na uku tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka riga suka fita, wa zai bar shagonsa ya je kallonsa? Masu sayar da ruwa da rake ma sun san bambancin. Kuma ƙaramar ƙungiya ba ta da wata hanyar ɗaukar kofi sai ta irin wannan tsari, domin tana iya dagewa ta kayar da babba a yini ɗaya, amma ba za ta iya fin ta maki a wata guda ba. Duk tsarin da ya ƙara yawan wasanni, masu ƙarfi yake taimaka wa.

Sai dai akwai yadda maƙwabtanmu na Nijar suka haɗa abu biyun, kuma mu da ke kusa da Ƙonni muna bin gasar a rediyo kowace shekara. Kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma, mutum 80 ke nan. Jihohi suna karawa da juna kwana bayan kwana. Duk ɗan kokawar da aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma ba a sallame shi gida ba: yana ci gaba da shiga fili yana kare sunan jiharsa, kuma yana iya kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba ya ɓata masa tafiya. Kullum da yamma tambayar da ke bakin kowa ita ce, saura mutum nawa ke tsaye? Ta haka ne irin su Isaka Isaka na Doso suka yi suna, domin wanda ya ɗauki takobi ya ratsa ta cikin waɗanda ba su da abin da za su rasa.

Abin da na ɗauko daga nan shi ne, kora daga neman kofi daban, kora daga fili daban. Idan kwamiti ya nace a kan sili-ɗaya-ƙwale saboda kuɗi, to ku buɗe ƙaramin kofi na biyu ga ƙungiyoyi shida da suka faɗi a zagayen farko. Wasa biyar ne kawai zai ƙaru, jimla 18, duk wadda ta buga zagayen farko ta buga aƙalla biyu, kuma ko ruwa ya kwana uku yana zuba ba zai dame ku ba.

Tsohon alƙalin wasa, Runjin Sambo

Alhaji, maganarka ta ƙaramin kofi tana da kyau, kuma ita zan ba duk wanda yake da ɗan gajeren lokaci. Amma ba ta warware matsalar ƙuri'ar da ke haɗa gwanaye biyu a ranar farko ba, sai an ware huɗun da suka fi ƙoƙari bara an nisanta su da juna a jadawali.

Malam mai lissafi kuma, ina girmama tsarinka, sai dai ka tuna su wane ne 'yan wasan. Wani yaron shago ne, wani ɗan kabu-kabu, wani sai ya roƙi maigidansa tun mako guda kafin ya bar gareji da la'asar. Irin waɗannan suna buƙatar takarda ɗaya da aka manna a bango tun ranar farko, mai ɗauke da rana da abokin karawa. Sannan duk ranar da ka haɗa ƙungiyar unguwarku da mai rauni, ko da lissafi ne ya kawo haka, ba za ka iya gamsar da mutanen bakin fili cewa ba son kai ba ne.

Mai horar da yara, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku jiya bayan isha'i, kuma mun tsaya a kan rukuni huɗu na ƙungiyoyi 16.

Damuwar malamin lissafi game da 'yan cike gurbi ta sa mun yi taka-tsantsan. Akwai ƙungiyoyi biyu da suka zo bayan an rufe rajista muka mayar da su, dukansu suna atisaye tun kafin azumi, su muka kira. Mun kuma ƙara sharaɗi cewa kowace ƙungiya za ta ajiye wani abu a hannun ma'aji, wanda za a mayar mata idan ta buga wasanninta uku cif. Ƙungiyoyi huɗu da suka kai kusa da na ƙarshe bara za su shugabanci rukunoni, sauran a jefa musu ƙuri'a a gaban kyaftin-kyaftin. Na roƙi a saka yaran walda a tukunyar ƙuri'a ta biyu, wato ta masu bin shugabannin rukunoni a ƙarfi, maimakon ta ƙarshe, bisa hujjar cewa su kaɗai ne zakarun bara ba su iya ci ba a cikin lokacin wasa, kuma bayan 'yar muhawara an amince.

Wajen raba gardama mun bi jerin da malam ya kawo: karawar juna, sannan rarar ƙwallaye, sannan katuna, in duk sun zo ɗaya a jefa ƙuri'a. Mun soke wasan neman na uku don mu tsira da gurbi. Tsarin Suwizalan kuwa na ajiye shi don gasar dara da muke son yi wa dattawa bayan girbi, inda kowa yana zaune wuri ɗaya kuma ruwa ba ya tsayar da wasa.

Abin da ya rage shi ne fili na biyu. Gobe da safe ni da ma'aji za mu je wurin shugaban wata makarantar da ke bayan kasuwa, kuma ko ya amince, muna buƙatar ƙarin alƙalin wasa ɗaya da mataimaka biyu na waɗannan yammaci huɗu. Baba alƙali, idan har yanzu usur ɗinka yana nan, muna roƙon ka riƙe mana fili ɗaya.